Kwaskwarimar Tsofaffin Motoci: Abin Da Allon Waya Ba Ya Nuna Mana

Duk wanda ya saba zama a garejojin Garwa bayan La'asar, lokacin da aiki ya ɗan lafa, ba zai rasa ganin yaran makanikai sun yi cincirindo a kan wayar salula guda ɗaya ba. Idan mutum ya leƙa zai tarar ba ƙwallo suke kallo ba. Wasu Turawa ne suka je bola suka jawo mushen mota wadda har ciyawa ta tsiro a cikinta, suka yi mata 'yan dabaru, kafin minti ashirin sai ga ta a kan kwalta tana tsula gudu, 'yan kallo na shewa. Tun lokacin da tauraron ɗan'adam ya shigo gidajenmu ake ganin irin waɗannan shirye-shirye jefi-jefi, to amma zuwan intanet cikin waya ya kai su kowane lungu. Abin har ya kai ga cewa a shirinmu na rediyo da muke buɗe wa masu saurare layi, matasa kan bugo su tambaye mu dalilin da ya sa jandarmomi da ma'aikatan sufuri ke matsa wa tsofaffin motocinmu, alhali ga Turawan da suka ƙera motar ma suna alfahari da kwaraɓaɓɓu.

Tambayar ba ta banza ba ce, kuma ta shafi 'yan kasuwa fiye da kowa, domin kuwa irin waɗannan motoci ne ke ɗaukar jarinsu, sau da yawa ma har da su kansu, daga Garwa zuwa Gashiga da bakin iyaka ta wajen Yola, ko daga Gidar zuwa ɓangaren Mubi, ko kuma doguwar tafiyar nan ta Tuboro da Mbaibum. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba me ake yi a waɗancan shirye-shirye, me kuma ake yi a garejojinmu, don mai karatu ya ga inda suka yi kama da kuma inda suka raba hanya.

Shirin da ya fi yin suna a wannan fage shi ne Top Gear na gidan talbijin ɗin BBC a Ingila. A shekarar 2007 masu gabatar da shi su uku, wato Jeremy Clarkson da Richard Hammond da James May, suka sayi tsofaffin motoci kowacce ƙasa da fam 1,500, abin da ya haura sefa miliyan ɗaya, suka ratsa ƙasar Botswana da su, tafiyar kimanin mil 1,000 ta cikin dajin namun jeji da fakon gishiri. Motar Hammond ma ƙirar Opel Kadett ce ta 1963. Da suka iso fakon, biyu daga cikinsu suka ciccire ƙofofi da kujeru don motocin su yi sauƙi kada su nutse. A 2013 suka sake yin irin wannan tafiya a Yuganda da Ruwanda da Tanzaniya. A Amurka kuma akwai Pimp My Ride na tashar MTV, wanda aka yi daga 2004 zuwa 2007, inda ake karɓar ruɓaɓɓiyar motar wani matashi a mayar masa da ita tana ƙyalli, sai kuma Roadkill da ya fara a 2012 ya kuma shafe sama da shekara goma, wanda shi gaba ɗaya nishaɗinsa shi ne a sayi motar da kowa ya fid da rai da ita a ga ko za ta kai inda aka nufa.

Ba abin mamaki ba ne don waɗannan shirye-shirye sun shiga ran yaranmu. Sabuwar mota fil a leda ba ta ba talaka sha'awa sosai, tunda ya san ko a mafarki ba tasa ba ce. Amma idan ya ga Bature ya kwanta a ƙarƙashin mota yana ɗaure salansa da waya, sai ya ga sana'arsa ce aka ɗaukaka, abin da ubangidansa ke yi kullum a gindin dalbejiya ba tare da kowa ya ɗauki hotonsa ba. Mu kanmu, gaskiyar magana, mukan ji daɗin kallon.

To amma fa akwai abin da allon ba ya nunawa. A bayan waɗancan motoci uku na Botswana akwai ayarin motoci masu lafiya ɗauke da masu ɗaukar hoto da kayan gyara da ruwa da masu ba da agaji, har da wata motar ko-ta-kwana da aka tanada don wanda tasa ta mutu. Kowace mota mutum ɗaya ne a cikinta, babu fasinja, babu buhun masara ko ɗaya. Shi kuwa Pimp My Ride, a shekarar 2015 wasu daga cikin matasan da aka gyara wa motoci sun fito sun shaida wa 'yan jarida cewa fenti da kayan kiɗa aka fi ba ƙarfi, matsalar inji kuwa wani lokaci da ita aka mayar masu da motar, wasu kayan ƙawar ma cire su aka yi bayan an gama ɗaukar hoto. Kallon kitse ke nan ake yi wa rogo. Kuma ko da duk wannan tanadi, haɗari bai bar su ba. A watan Disamba na 2022 wani mai gabatar da Top Gear, tsohon ɗan wasan kurket Freddie Flintoff, ya kife da wata mota mai ƙafa uku a filin da suke gwaji, ya ji munanan raunuka a fuska, sai da jirgi mai saukar ungulu aka kai shi asibiti. A Nuwamba 2023 BBC ta sanar da jingine shirin. Mai karatu ya tambayi kansa, wane jirgi ne zai zo ya ɗauki wanda ya kife tsakanin Adumri da Bibemi?

Abin da ya fi jan hankalinmu a duk wannan lamari shi ne wata gasar tsere da aka fara a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2006, mai suna 24 Hours of Lemons. Dokarta ita ce kada kuɗin sayen mota da gyaranta su wuce dala 500, kimanin sefa dubu 300 ke nan, kuɗin da ko sabon babur ba za su saya a Garwa ba. Wanda aka kama ya wuce wannan iyaka, rage masa maki ake yi. Sai dai masu gasar sun ware wasu abubuwa sun ce ba sa cikin lissafin dala 500 ɗin: birki, da tayu, da kejin ƙarfe da ake yi wa direba walda a cikin mota don kada rufi ya danne shi, da kujera da bel na musamman, da na'urar kashe wuta. Waɗannan ko nawa mutum ya kashe a kansu babu mai tuhumarsa, hasali ma idan ba su cika ba motarsa ba za ta taka filin ba. Saboda haka akan sami motar da kayan kariyarta sun ninka kuɗinta sau da yawa. Wato ko mutanen da suka mayar da tsiyar mota abin wasa sun san inda ake tsuke hannu da inda ba a tsukewa. Bodi ya ruɓe, fenti ya koɗe, inji ya yi tari, duk an yarda. Birki da taya kuwa ba a ciniki.

A nan ne muka raba hanya da su, domin mu a wurinmu lissafin a juye yake. Idan aka kawo tsohuwar Peugeot 504 ko Toyota ko a-kori-kura za a tayar da ita don jigilar kasuwa, abin da mai mota ke fara tambaya shi ne inji, tunda shi ke ja. Daga nan sai sifirin: a ƙara masa ganye uku ko huɗu, a yi wa shasi walda da ƙarfe, a ɗaga bayan motar sama, a ƙera mata kariya a kan rufi. In kuɗi sun yi saura a watsa mata fenti a rubuta mata kirari a baya. Birki da taya su ne na ƙarshe, kuma a lokacin aljihu ya riga ya bushe, sai a nufi wurin 'yan gwanjo a zaɓo tayar da wata ƙasa ta riga ta yar.

Kafin a zargi kowa, ya kamata a tuna yadda aka yi muka tsinci kanmu a haka. Layin dogo a Ngaundare ya tsaya tun 1974, don haka duk abin da zai zo Garwa da Marwa da Kusiri, har ya haye Njamena, a kan taya yake zuwa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin sabuwar mota da kayan gyara na asali ya ninka dare ɗaya, tun daga nan kuwa 'yar Beljiyam ta zama ita ce sabuwar motar talaka. A can Kaduna kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975 ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, wanda ya sa kayanta suka wadata a kasuwanni irin su Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, suka kuma gangaro mana ta Yola da Mubi. Wani rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Rahoton ya kawo binciken da hukumomin Holan suka yi a tashar jiragen ruwansu, inda suka tarar akasarin motocin da ake lodawa shekarunsu tsakanin 16 ne zuwa 20, kuma yawancinsu ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. Ita wannan mota idan ta sauka Duwala ko Kwatano sai ta yi wasu shekaru a birni tana tasi, ta gaji, sannan ta hauro arewa ta fara rayuwa ta uku a hanyar kasuwannin ƙauye. A kudu irinsu ne ake kira opep.

Yanzu bari mu dubi abin da ƙarin sifirin ke yi, don nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Idan aka ƙara ganye, motar da aka ƙera don ɗaukar mutum biyar da jakunkunansu za ta ɗauki buhu goma sha biyar ba ta zauna ba, sai ido ya ga kamar ta ƙara ƙarfi. Amma birkin nan shi ne dai wanda kamfani ya auna da nauyin mutum biyar, haka boris, haka ƙafar mota, haka tayu. Nauyi idan ya ninka, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da mota shi ma ya ninka, kuma duk wannan aiki zafi yake komawa. Gudu kuwa ya fi haka muni, domin idan aka ninka shi sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya sau huɗu take ninkawa. Sannan kayan da aka jibga a kan rufi suna ɗaga nauyin motar sama, ta yadda kwanar da za ta sha lafiya lau idan babu kaya, da kayan sai ta kwanta.

Direbobin da ke bin hanyar Ngaundare sun fi kowa sanin wannan. Ngaundare tana kan tudu, sama da mita 1,000, Garwa kuwa a kwarin Binuwai take, kuma akasarin saukar a gangaren dutsen nan na wajen Mbe ake yin ta, kwana bayan kwana. Wanda ya dogara da birki kaɗai bai sa babbar giya ba, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi. Man birki kuma yana da wata ɗabi'a, yana tsotsar danshi a hankali, idan ya tsufa ya haɗu da zafi sai ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu komai. Shi ya sa kamfanoni ke cewa a riƙa canza shi duk bayan kamar shekara biyu. Mu kuwa ƙari kawai muke yi idan ya ragu, kuma mun sha jin direbobi na ba da labari cikin raha yadda suka ɗura ruwan omo a madadinsa suka ƙarasa gari.

Mu ma ba labari muka ji ba. Wata shekara muna dawowa daga ɗaukar rahoto a kasuwar Lahadi ta Pitowa, muka shiga wata a-kori-kura da aka cika da buhunan gyaɗa, mu kuma muna bisa. A wani ɗan gangare da bai taka kara ya karya ba direba ya so tsayawa ya sauke fasinja, sai muka ga yaron mota ya dire da gudu riƙe da weji yana bin motar yana cusa mata a ƙarƙashin taya. Sai a karo na uku ta tsaya. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne babu wanda ya nuna damuwa a cikin fasinjojin. Wani dattijo ma yaba wa yaron ya yi da zafin nama.

Wani hanzari ba gudu ba shi ne batun mai. Shekara da shekaru man da ake tsallakowa da shi daga Nijeriya, wanda muke kira zuwa-zuwa, shi ne ke tafiyar da arewacin Kamaru, kuma akwai motocin da aka sake wa fasali musamman don wannan aiki, a cire kujerun baya a jera jarkoki, wasu ma a ƙera masu ƙarin tanki da walda. Janye tallafin mai da Shugaba Bola Tinubu ya yi ranar 29 ga Mayu 2023 ya rage ribar wannan sana'a, amma bai mayar da waɗancan motoci yadda kamfani ya yi su ba. Idan ba a manta ba, ranar 27 ga Janairu 2021, a gangaren Dschang da ke yammacin ƙasar nan, wata babbar bas ta yi karo da motar da ke ɗauke da mai ba bisa ƙa'ida ba, wuta ta tashi, mutum 53 suka rasu a ranar. Fasinjojin bas ɗin ba su ne suka zaɓi waccan mota ba, hanya kawai ta haɗa su. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma yankin Afirka, da ke da kimanin kashi 3 cikin ɗari na motocin duniya, shi ke da kusan kashi 19 cikin ɗari na mamatan.

Duk da haka ba mu cikin masu cewa a kwashe tsofaffin motoci a kai wa 'yan gwangwan. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa da buhunan albasa a bakin hanya da damina yana jiran abin hawa ba. Babu kamfanin da zai sa sabuwar motarsa a hanyoyin burjin da ke kai wa kasuwannin iyaka, kuma tun da rikicin Boko Haram ya durƙusar da cinikin Banki da Amcide a 2014, kaya da yawa suka karkato ta waɗannan ƙananan hanyoyi namu. Ba kuma basira ce makanikanmu suka rasa ba. A 2007, shekarar da waɗancan Turawa ke yawo a Botswana, wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano mai suna Mubarak Muhammad Abdullahi ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen tsofaffin motoci, har ya ɗaga sama kimanin mita biyu. Hannun da ya iya wannan ba zai kasa gyara birki ba. Makanike abin da mai mota ya biya shi yake yi, mai mota kuma abin da kuɗin lodi ya ba shi dama yake kashewa.

Hukuma na da nata kason. Akwai dokar kai mota awon lafiya, wato bizit, kuma an ɗora ƙarin haraji a kan motocin da suka kwana biyu idan za a shigo da su. Ƙungiyar ECOWAS ma a 2020 ta amince da ƙa'idojin rage shigo da motocin da suka tsufa ainun, kodayake mu a CEMAC muke. Amma kowa ya san yawancin motocin da muke magana a kansu ba sa kusantar wurin awo, kuma a shingen hanya takarda ake tambaya, da wuya ka ga an ce direba ya taka birki a gani. Takardar da ba ta tsayar da mota a gangare, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Saura ɗan kasuwa, wanda a ganinmu shi ne ya fi kowa ƙarfi a wannan sarƙa amma bai sani ba. Shi ke biyan kuɗin lodi, shi ke ja-in-ja da ɗan kamasho a kan sefa ɗari biyu a kowane buhu, shi ne kuma kan roƙi direba ya daure ya ƙara masa buhu biyar a sama. Idan mota ta faɗi, mai mota ya yi asarar abin da bai kai rabin kuɗin kayan da ke cikinta ba, inshorar dole da yawancin motocin nan ke yanka kuma ba ta biyan hajar da aka ɗora. Mun san mutanen da jarin shekara goma ya ƙare a rami ɗaya, wasu ma kuɗin na amana ne.

Ba sai mutum ya zama makanike ba kafin ya duba wasu abubuwa a tasha. A gefen kowace taya da aka ƙera daga shekarar 2000 zuwa yau akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015 ke nan. Manyan kamfanonin taya suna cewa wadda ta kai shekara goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, domin roba na bushewa ta tsattsage daga ciki, balle a garin da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, ga kwalta kamar tanda, ga obalodi. Haka nan ba laifi ba ne ka ce direba ya taka birki ya riƙe kana kallo. Idan ƙafarsa na nutsewa a hankali, ko sai ya yi famfo sau uku kafin ya kama, to mai na zuba ko iska ta shiga. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko an taɓa yanka shasi an haɗa da walda. Ka kuma tambayi abin da ke cikin jarkokin da aka rufe da tamfol kusa da kayanka.

Mun san abin da direba zai ce: sabbin tayu huɗu da gyaran birki kuɗi ne, kuma da kuɗin lodin da ake biya yanzu ba zai iya ba. Gaskiyarsa. Wannan ce maganar da muke ganin ya kamata shugabannin 'yan kasuwa na Garwa da Gidar da Mbaibum su zauna da shugabannin tasha a kanta, a fitar da lissafi a fili: nawa za a ƙara a kan buhu, buhu nawa ne iyakar kowace irin mota, wane ne kuma a cikin 'yan kamasho zai riƙa duba taya da birki kafin a ba mota layi. Gara a yi zaman kafin kakar gyaɗa da auduga, lokacin da kowace mota mai numfashi ke fitowa hanya.